Malaman Ƙarya da Zalunci da Sunan Allah a Ikilisiya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi fitowa daga bakin masu bi da hankalinsu bai kwanta da abin da suke gani a majami'arsu ba, amma suna tsoron kada tambayar kanta ta zama zunubi. Ba zunubi ba ce. Yahaya ya umarci masu bi su gwada ruhohi, kada su gaskata kowane ruhu (1 Yahaya 4:1). Luka kuma ya yaba wa mutanen Biriya don kullum suna bin Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11). In an auna maganar Bulus aka kuma yaba wa masu aunawar, babu mai wa'azin da ya fi ƙarfin a auna tasa.

Duk wanda ya yi kuskure a wa'azi malamin ƙarya ne?

A'a. Afolos gwanin magana ne, ya san Nassi, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara masa haske, ya karɓa, ya zama abin amfani ga ikilisiya (Ayyukan Manzanni 18:24-28). Ku gwada shi da Diyotarifis na 3 Yahaya 9-10: mai son shugabanci, ba ya karɓar gyara ko daga manzo, yana ɓata sunan waɗanda suka fi shi, wanda duk ya saɓa masa kuma sai ya kore shi daga ikilisiya. Yahaya bai ma ambaci wata karkatacciyar koyarwa a bakinsa ba. Halinsa ne ya tona shi.

Saboda haka tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: wa yake iya ce wa wannan mutum “ka yi kuskure”, kuma me yake faruwa da wanda ya faɗa? In babu mai iyawa, ko kuwa duk wanda ya gwada ya ƙare a waje da sunan ɗan tawaye, to akwai matsala ko da wa'azin yana da daɗi.

Bambancin ɗarika kuma ba shi ne ƙarya ba. Masu bi na gaskiya sun daɗe suna saɓani a kan baftismar jarirai, tsarin shugabanci da yadda ake sujada.

Waɗanne alamu ne ya kamata su sa mutum ya tsaya ya duba?

Yesu ya ce da 'ya'yansu za a gane annabawan ƙarya, kamar yadda ake gane itace (Matiyu 7:15-20), 'ya'ya kuwa ba sa nuna rana ɗaya. Kada ka yanke hukunci da wa'azi guda. Ka duba wata shida ko shekara, ka lura da waɗannan:

Sunan wa ya fi fitowa a shaidar mutane, na Almasihu ko na “Baba”? Bulus ya gargaɗi dattawan Afisa cewa daga cikinsu ma wasu za su taso su jawo almajirai su bi su (Ayyukan Manzanni 20:30). Yaya yake magana a kan sauran ikilisiyoyi? Wanda yake cewa shi kaɗai aka ba wahayin wannan zamani, sauran duk matattu ne, yana rufe maka ƙofofin da za ka iya neman shawara ne. Yaya yake yi da waɗanda ba su da abin ba shi: gwauruwa, mai shara, ƙaramin ma'aikacin ofis? Mataimakansa suna daɗewa, ko duk shekara sai an sake su, kowa ya tafi da baƙin suna? Asirin da aka faɗa masa a ɗakin shawara yana fitowa a kan bagadi a matsayin misali?

Abin lura ne cewa a jerin sharuɗɗan shugaba na 1 Timoti 3:1-7 da Titus 1:5-9, baiwa ɗaya ce aka nema, wato iya koyarwa. Sauran duk hali ne: kamun kai, rashin son kuɗi, rashin faɗa, riƙon gida, kyakkyawan suna a wurin na waje. Mu kuwa sau da yawa muna ɗaukar mai murya da farin jini, mu yafe masa duk sauran.

Amma duk maganarsa da aya yake kafa ta. Ta yaya zan san ya murɗe ta?

Shaiɗan ma da Zabura 91 ya gwada Yesu. Jawo aya ba wuya. Ka rubuta ayoyin da aka ambata, in ka koma gida ka karanta surar gaba ɗaya, ko aƙalla ayoyi goma kafin ta da goma bayanta. Ka tambayi kanka: wa yake magana, da wa, a kan me? Labari ne na abin da ya faru, ko umarni ne ga kowa? Sannan ka duba ko fassarar da aka yi ta ci karo da wani wuri bayyananne a Nassi. In kana da juyi biyu na Littafi Mai Tsarki, ka gwada su, domin akwai koyarwar da take rataye a kan kalma ɗaya ta juyi ɗaya.

Misali: ana yawan jawo 3 Yahaya 2 a ce Allah ya yi alkawarin arziki da lafiya ga kowane mai bi. Karanta aya ta farko za ka ga gaisuwar buɗe wasiƙa ce zuwa ga wani mutum mai suna Gayus. Fatan alheri ne, ba alkawari ba.

Ka kuma auna koyarwar da abin da ikilisiya ta riƙe tun farko game da Allah, da Almasihu, da ceto ta wurin alheri. Galatiyawa 1:8 ta ce ko mala'ika ne ya zo da wata bishara dabam, kada a karɓa.

Na ga warkarwa da idona, ya kuma faɗi sunana da matsalata ba tare da na gaya masa ba. Wannan ba hujja ba ce?

Ba ta isa ba. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce annabin da maganarsa ba ta cika ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba. Sura 13:1-3 ta ƙara da cewa ko alamar ta cika, in yana janye mutane daga Allah, kada a saurare shi. Yesu da kansa ya ce a ranar shari'a masu annabci da fitar da aljanu da sunansa za su ji “ban taɓa saninku ba” (Matiyu 7:22-23).

Akwai kuma zamba tsagwaronta. A 1986 aka tona asirin wani mai wa'azin warkarwa, Peter Popoff, a Amurka. Yakan kira sunan mutum da adireshinsa da cutarsa a tsakiyar taro, ashe matarsa ce take karanta masa ta wata 'yar na'ura a kunnensa, daga katunan roƙon addu'a da mutane suka cike da hirar da aka yi da su kafin a fara. A yau ba a ma buƙatar na'ura: shafin mutum na Facebook ya isa, ko mai tarbar baƙi da ya iya jan hira. Wata dabarar ita ce magana mai faɗi: a taron mutum dubu, in aka ce “akwai wata a nan mai ciwon mara, akwai mai bin wani bashi”, dole a samu.

Ga abin da ke taimako: rubuta annabcin da kwanan wata, kalma da kalma. Yawancin annabcin ƙarya yana rayuwa ne a kan mantuwa. In bai cika ba, ka saurari bayanin da za a yi. Harold Camping, wani mai wa'azi a rediyo a Amurka, ya sa ranar 21 ga Mayu, 2011 a matsayin ranar shari'a, mutane suka bar aiki suka kashe ajiyarsu a kan talla. Da ranar ta wuce sai ya ce ta cika “a ruhaniya”, ya matsar zuwa 21 ga Oktoba. Sai a 2012 ya yarda ya yi kuskure. Matiyu 24:36 kuwa, wadda ta ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, tana nan tun farko. “Ta cika a ruhu” da “rashin bangaskiyarka ne ya hana” su ne mafaka biyu da aka fi gudu zuwa gare su.

An ce mana “kada ku taɓa shafaffuna”. Tambayar fasto ba taɓa shafaffe ba ce?

Karanta Zabura 105:8-15 gaba ɗaya. Ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne suna yawo baƙi, 'yan kaɗan, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ayar tana kāre marasa ƙarfi daga masu iko. Abin baƙin ciki ne a ga an juya ta tana kāre mai iko daga marasa ƙarfi.

Dawuda ya ƙi kashe Saul don shafaffe ne, amma a wannan sura ɗin ya ɗaga murya ya faɗa masa laifinsa a gaban mutanensa (1 Sama'ila 24). Natan ya ce wa Dawuda “kai ne mutumin”. Bulus ya tsawata wa Bitrus a fili a Antakiya (Galatiyawa 2:11-14). A Sabon Alkawari kuma shafewar ta dukan masu bi ce (1 Yahaya 2:20, 27).

Nassi yana kāre shugaba daga ƙazafi, gaskiya ne: kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku (1 Timoti 5:19). Amma aya ta gaba ta ce wanda ya ci gaba da zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Masu son aya ta 19 ba kasafai suke kai wa ta 20 ba.

To ina iyakar biyayyar da Ibraniyawa 13:17 ta umarta?

Ikon shugaban ikilisiya na gaske ne, amma aro ne, kuma yana da iyaka. Yana da hurumin koyar da Kalma, yin gargaɗi a kan zunubi, da tsara hidima tare da sauran dattawa. Ba shi da hurumin zaɓa maka mata ko miji, hana ki gaida iyayenki, karɓar albashinka, ko cewa sai da izininsa za a yi tafiya. Bitrus ya hana dattawa nuna wa garke sarauta (1 Bitrus 5:2-3), Bulus kuma ya ce shi ba mai mulkin bangaskiyar Korantiyawa ba ne (2 Korantiyawa 1:24).

An taɓa gwada wannan hanya a fili. A shekarun 1970 wasu malamai biyar a Fort Lauderdale ta jihar Florida suka yaɗa koyarwar cewa kowane mai bi ya sami “makiyayi” da zai miƙa masa wuya, har a zancen aure da aiki da kuɗi. Niyyar farko almajirantarwa ce, amma ta ƙare da ɓarna mai yawa, har ɗaya daga cikinsu, Bob Mumford, ya fito ya roƙi gafara a bainar jama'a a 1989.

Fasto yana yawan zancen kuɗi. Yaushe ne abin ya wuce gona da iri?

Ma'aikaci ya cancanci ladansa (1 Timoti 5:17-18), ikilisiyar da take barin fastonta da yunwa ita ma tana da laifi. Matsala tana farawa ne sa'ad da aka sa wa alherin Allah farashi: “shuka iri” na adadi kaza don a buɗe maka hanya, kuɗin ganin bawan Allah, sayar da mai ko ruwa ko ƙyalle da aka ce an yi wa addu'a, jera masu bayarwa gwargwadon adadi, mai yawa ya zo gaba a ɗora masa hannu. Siman mai sihiri ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, Bitrus ya ce ya hallaka tare da kuɗinsa (Ayyukan Manzanni 8:18-23). Sayar da takardun yafe horon zunubi ne ya sa Martin Luther ya rubuta batutuwansa 95 a 1517. Bayarwar da aka matsa wa mutum da tsoron la'ana, ko wadda sai ya ci bashi, ta saɓa wa 2 Korantiyawa 8:12 da 9:7.

Masu bi na farko ba su ji kunyar wannan magana ba. Wani ɗan littafin koyarwa mai suna Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na farko, ya ce manzo mai yawo ya kwana ɗaya, ko biyu in da larura. In ya kai uku, ko ya nemi kuɗi sa'ad da zai tafi, annabin ƙarya ne. Ya ƙara da cewa wanda ya ce “a cikin Ruhu” a ba shi kuɗi, kada a saurare shi.

Tsari mai kyau ba wuya gare shi ba. Mutum biyu da ba dangin juna ba su ƙirga baiko nan take, su sa hannu a takarda. A kai kuɗin asusun ikilisiya, ba na wani mutum ba. Fitar da kuɗi sai da sa hannu biyu. Fasto kada ya yanka wa kansa albashi, matarsa ko ɗansa kada su zama ma'aji. Fili da gini su kasance da sunan amintattun ikilisiya. Sau ɗaya a shekara wani na waje ya bincika littattafai, a karanta wa membobi rahoto. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai tare da waɗanda ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Wanda ya fusata don an nemi ganin lissafi ya riga ya ba ka amsa.

Yaya mai hankali da ilimi yake faɗawa irin wannan tarko?

Da sannu, kuma galibi a lokacin da yake cikin rauni: rasuwa, rashin haihuwa, rashin aiki, baƙunta a sabon wuri. Da farko ana rungumarsa da ƙauna irin wadda bai taɓa gani ba. Sai hidima ta yi yawa, taro kusan kowane dare, barci ya ragu, tsoffin abokai su yi nisa. Sai a fara hure masa kunne cewa mahaifiyarsa ko matarsa ce take tare masa albarka. Sai a sa shi ya tona asirinsa duka, asirin ya zama igiyar da za a riƙe shi da ita. Kafin ya farga ya zuba shekaru da dukiya, komawa baya ta zama kamar yarda cewa duk a banza ya yi.

Ƙarshen wannan hanya mun gan shi. A Jonestown ta ƙasar Guyana, ranar 18 ga Nuwamba, 1978, mutum fiye da 900 suka mutu a ƙarƙashin shugaban addininsu Jim Jones, kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne. A Kanungu da wasu wurare a Uganda, a shekarar 2000, mutum fiye da 700 suka hallaka a wata ƙungiya da ta sa mabiyanta suka sayar da kayansu don ƙarshen duniya. A dajin Shakahola na Kenya, daga Afrilu 2023, an tono gawa fiye da 400 na mabiyan wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, wanda aka gurfanar bisa zargin sa su azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Yawancin ikilisiyoyi masu danniya ba sa kai wa nan. Amma matakan farko iri ɗaya ne: raba mutum da danginsa, da shugaban da ba mai ce masa a'a.

An ce in daina shan magani don in nuna bangaskiya.

Kada ka daina. Masu ciwon suga, hawan jini, farfaɗiya, tarin fuka, ƙanjamau ko taɓin hankali suna iya mutuwa ko su koma baya ƙwarai in sun yanke magani. Yesu ya aiki kutare su nuna kansu ga firistoci, masu tabbatar da warkewa a wancan zamani (Luka 17:14). In an warkar da kai, gwajin asibiti zai nuna, likita ne kuma zai rage maganin. Bulus ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas (2 Timoti 4:20), bai ce bangaskiyarsa ce ta gaza ba. Hana yaro magani ko abinci, ko dukansa da sunan fitar da aljani, laifi ne da ya kamata hukuma ta sani a ranar.

Shugaba ya taɓa ni, ko ya taɓa yaro, da sunan addu'a. An ce mu sasanta a cikin gida.

Babu addu'ar da take buƙatar tuɓe tufafi, ko kulle ƙofa, ko “kada ki gaya wa kowa”. Laifin na wanda yake riƙe da amana ne, ba naki ba. In fyaɗe ne, a je asibiti da gaggawa, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. A adana saƙonnin waya, a rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa, a kai wa 'yan sanda ko hukumar kāre yara. Matiyu 18:15-17 ba ta ce a zaunar da yarinya gaban wanda ya ci zarafinta ba, Romawa 13 kuma ta ba hukuma aikin hukunta mai laifi.

Ikilisiya ta dakatar da wanda ake zargi daga hidima har a gama bincike, binciken kuma na waje ne zai yi, ba abokansa ba. A 2017 wata mata ta zargi shahararren mai kāre bangaskiya Ravi Zacharias; ya kai ta kotu, ƙungiyarsa ta tsaya masa. Bayan mutuwarsa a 2020, binciken lauyoyi na waje da aka fitar a Fabrairu 2021 ya tabbatar ya ci zarafin mata da dama. Sauya wa mai laifi wurin aiki a ɓoye kuwa miƙa masa sababbin mutane ne kawai. Don rigakafi: manya biyu a duk inda yara suke, ɗakin shawara mai taga ko buɗaɗɗiyar ƙofa.

Ba a ce mu gafarta ba?

An ce. Amma gafara dabam, mayar da mutum kan bagadi dabam. Ana iya yafe wa ma'ajin da ya ci kuɗi ba tare da an sake ba shi makulli ba. Tuba ta gaskiya tana kiran laifin da sunansa, tana biyan abin da aka ci kamar Zakka, ba ta kuma gaggauta wa wanda aka cuta.

Ɗan'uwana ya shiga irin wannan wuri, ba ya jin maganar kowa.

Kada ka zagi shugabansa. An riga an gaya masa danginsa za su tsananta masa, zaginka zai zama cikar annabci. Ka riƙe zumunci, ka kira shi a kan abubuwan yau da kullum, ka yi tambaya maimakon gardama: “Wancan annabcin na bara, yaya ya ƙare?” Kada ka ba shi kuɗi a hannu, in yana cikin buƙata, ka biya abin kai tsaye. Ka sa ya sani cewa duk ranar da ya dawo ba za a yi masa gori ba, domin kunya tana riƙe mutane a ciki fiye da imani. In akwai yara cikin haɗari, ba a jira.

Ina so in fita, amma an ce wanda ya fita la'ana za ta bi shi.

La'anar da ba dalili ba ta kama mutum (Karin Magana 26:2), barin wata majami'a kuma ba barin Almasihu ba ne. In wurin yana da dattawa ko hukumar ɗarika ta gaske, ka kai kukanka a rubuce, ka je da shaida, ka ajiye kwafi. In babu, ko kana jin tsoro, ba dole ne ka yi sallama ba. Kafin ka tafi ka karɓo takardunka, ka tsayar da duk wani cire kuɗi da banki yake yi kai tsaye, ka sauya kalmomin sirri na waya da asusu, ka miƙa makullai da kayan ikilisiya a gaban shaida. Kada ka je “ganawar ƙarshe” kai kaɗai, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta a natse ba.

Ka sa ran za a daina gaishe ka, wataƙila a yi wa'azi a kanka. Rashin barci, tsoro in an buɗe wata aya, ko kasa yin addu'a na ɗan lokaci abubuwa ne da waɗanda suka fito sukan fuskanta. In sun daɗe, a ga likita ko ƙwararren mai ba da shawara. A sabuwar ikilisiya ka zauna wata shida ko fiye kafin ka karɓi wani aiki, ka nemi ganin tsarin mulkinta da rahoton kuɗin bara, ka kuma tambayi dattawa kai tsaye wa yake da ikon dakatar da fasto in ya yi laifi.